Wasiƙa Daga Shikago: A Bar Babana Ya Je Legas, Amma Da Sharaɗi



Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Inna da Yaya da duk mutanen gida kuna lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ban da sanyi da ya fara shigowa. Allah ya sa haka, amin.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne maganar Babana, ɗan wajen Yaya, da ya ba da sunansa zai shiga gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu. Cikin mako guda mutum huɗu suka kira ni a waya, kowa da tasa. Inna ta ce ni na ɓata yaron, tunda ni na fara wannan gudu da ba kowa ya koro ni ba, don haka ni zan hana shi. In kuma ya ƙi hanuwa, to a gaya masa ya yi ta shan ruwa kada ya saurara. Yaya dariya ya yi, ya ce yaron da aka haifa a Kano, ya yi azumi a watan Afrilu, wane zafi ne zai ba shi tsoro a Legas? Kawu ya ce shi gudummawarsa kilishi ce da ƙwai, a ɗura wa yaro ya yi ƙarfi. Goggo kuwa cewa ta yi ba a banza Bahaushe ya kira abin gudun yada ƙanin wani ba, kuma ita ba ta ga dalilin da zai sa ɗanta ya zama ƙanin da za a yar ba.

Ni dai ra'ayina a bar shi ya je. Kilomita 42 ne da mita 195, kusan daga Kano zuwa Wudil, kuma saurayi mai lafiya da ya yi shiri zai iya. Amma in ya bi maganar Yaya zai iya faɗuwa a hanya, in kuma ya bi ta Inna yadda ta faɗe ta, ita ma tana iya kai shi gadon asibiti. Ku gafarce ni, ba raini ba ne. Abin da na gani ne, wani kuma a jikina na ji shi.

Yaya, da kai zan fara, don ni ma da irin tunaninka na zo ƙasar nan. Akwai wani labari da ban taɓa ba Inna ba sai yau. A shekara ta biyu da fara guduna, wata Asabar a farkon zafi, muka shirya da wani abokina Bature za mu yi kilomita 24 a bakin tafkin Mishigan. Da ya ga yadda garin ya tashi, digiri 32 ga iska a jiƙe, sai ya ce mu rage ko mu bari sai gobe da asuba. Na yi masa irin dariyar da ka yi mini a waya, na ce a garinmu 42 ma kasuwa ake ci. Ya koma gida, na tafi ni kaɗai, ko gorar ruwa ban ɗauka ba. Wajen kilomita 16 sai na ji tsikar jikina tana tashi, ina jin sanyi da tsakar rana, kaina yana sarawa. Na san alama ce, amma na ce da wane ido zan kalli Baturen nan ranar Litinin? Abin da na iya tunawa bayan nan shi ne ina zaune a gindin bishiya, wata tsohuwa da samari biyu suna kwarara mini ruwan sanyi, sun cusa mini ƙanƙara a wuya da hammata. Sun ce da suka tambaye ni sunana, da wani yare na yi ta ba su amsa. Hausa ce.

Likitar da ta duba ni ita ta warware mini abin. Jure zafi ba gado ba ne da ke bin jini, abu ne da jiki yake koya kuma yake mantawa. In mutum ya yi kwana 10 zuwa 14 yana motsa jiki cikin zafi, ruwan jininsa yana ƙaruwa, zufa tana fara zubo masa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita cikinta yana raguwa, zuciya ta rage bugu. In ya bar zafin na 'yan makonni, duk wannan sai ya zube. Ni kuwa wata shida na yi cikin ƙanƙara da rigar sanyi. Takardar haihuwata ce ta Kano, jikina ya riga ya zama na Shikago.

Za ka ce ai shi Babana bai bar Kano ba. Gaskiya ne, amma duba lokacin. Disamba da Janairu zai yi yawancin atisayensa, cikin hunturu, da sassafe, lokacin da mutane ke jin wuta a ƙofar gida, iska a bushe ƙayau. Daga nan sai ya sauka Legas, inda tun asuba gari yake da ɗumi, iska kuma cike da laimar teku. Ka tuna randar Inna ta ƙarƙashin darbejiya. Da hunturu ruwanta har haƙori yake kamawa, saboda abin da ke tsattsafowa ta jikin randar yana bushewa nan take, bushewar ce ke tafiya da zafin. A watan Agusta kuwa randar nan a jiƙe take wuni, ruwan kuma ba ya yin wani sanyi. To haka jikin mutum yake. Zufar da ta bushe ita ke sanyaya shi, wadda ta ɗiga ƙasa asara ce. A Kano zufa tana bushewa tun ba ka gan ta ba, a Legas sharkaf za ka yi kamar an tsamo ka a rijiya, ga zafin yana nan a ciki.

Maganar azumi ma ba ɗaya ba ce. Mai azumi inuwa yake nema, ya jiƙa rawani, ya rage zirga-zirga. Manomi ma da asuba yake fita, rana na take tsaka ya koma gindin gawo ya dama fura. Mai gudu kuwa murhu ne da kansa: cikin ƙarfin da tsokarsa ke ƙonawa, wajen kashi uku cikin huɗu zafi yake zama, kuma awa huɗu ko biyar zai yi yana hura wutar ba hutawa.

Kada kuma a ce raggwaye ne kawai abin yake kayarwa. A gasar duniya ta Doha a 2019, saboda tsoron rana sai wajen sha biyun dare aka fara tseren mata. Duk da haka cikin 68 da suka fara, 28 ba su ƙarasa ba, har da 'yan Habasha, mutanen da gudu ne sana'arsu. 'Yar Kenya da ta zo ta ɗaya awa 2 da minti 32 ta yi, alhali a farkon shekarar ta yi 2 da 17 a Dubai. A nan garinmu ma, ranar 7 ga Oktoba 2007, zafi ya kai digiri 31, aka dakatar da tseren Shikago bayan awa uku da rabi da farawa. Kusan mutum 36,000 suka fara, wajen 25,000 suka kai ƙarshe, ɗaruruwa sai da aka ba su taimakon gaggawa. Digiri 31 fa, Yaya, abin da a gida za mu ce yau gari da dama. Shi wannan gudun sanyi yake so, wajen digiri 10, shi ya sa da Eliud Kipchoge zai gwada yin sa ƙasa da awa biyu a 2019 sai aka zaɓar masa safiyar Oktoba a birnin Biyana.

Don haka in da hali, Babana ya tafi Legas da kwana goma ko mako biyu kafin ranar, ya sauka wurin 'yan uwa a Agege, ya riƙa ɗan gudu mara tsanani na minti 40 zuwa awa ɗaya kullum cikin iskar garin. In babu hali, a makonni biyu na ƙarshe ya mayar da wasu fitowarsa zuwa hantsi, ya ƙara riga a kan riga, a hankali, kuma kada ya fita shi kaɗai. Ranar tseren ya sa farar hula da riga mara nauyi wadda ba ta riƙe ruwa, ya shafa basilin a cinya da hammata, duk inda aka ba da ruwa ya zuba wani a ka. Mafi muhimmanci ya rage sauri tun daga farko. Lokacin da yake yi a filin Sukuwa da sanyin safiya ya bar shi a Kano.

Yanzu ke, Inna, Allah ya ƙara miki lafiya. Maganarki ta fi ta Yaya kusa da gaskiya, kuma ita Turawa suka daɗe suna faɗa bayan sun gane kurensu na farko. Da can cewa suke yi shan ruwa a tsere ragwanci ne. A gasar Olamfik ta 1904 a Sen Luwis, nan kudu da mu, da rana tsaka aka yi tseren cikin ƙura, da gangan aka ƙuntata wa mutane ruwa, cikin 32 da suka fara 14 kawai suka gama. Daga baya sai aka juya, aka koma cewa a sha, a ƙara sha, kada ma a jira ƙishirwa. Sai wata sabuwar cuta ta ɓullo. A tseren Boston na 2002 wata mata 'yar shekara 28 ta faɗi ta rasu, ba don rashin ruwa ba, don yawansa. A na Landan na 2007 haka ta faru da wani saurayi ɗan shekara 22, mai koyar da motsa jiki ma kuwa, bayan ya gama tseren. Likitoci sun auna jinin mutum 488 da suka yi wancan tsere na Boston, suka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa da ƙa'ida.

Ke kin fi kowa sanin abin da ke faruwa in baƙi suka zo aka yi ta ƙara wa miya ruwa ba a ƙara gishiri ba. To jini ma yana da nasa ma'aunin gishiri, likitoci suna son su gan shi tsakanin 135 da 145. Mai gudu yana zubar da gishiri ta zufa, kuma a lokacin wahala jiki yana hana ƙoda sakin fitsari yadda ta saba. In ya yi ta ɗura ruwa fiye da abin da ke fita, jinin sai ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa, ruwan ya riƙa shiga cikin naman jiki yana kumbura shi. Hannu da ƙafa suna da wurin kumbura. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi, ƙoƙon kai ya tsare ta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne alamominsa sun yi kama da na ƙishirwa: ciwon kai, amai, jiri, sambatu. Sai masu tausayi su taru su ƙara ɗura masa ruwa. Kuma ba zakarun da ke gaba yake kamawa ba, su ba su da lokacin tsayawa. An auna Haile Gebrselassie na Habasha da ya ci tseren Dubai a 2009, aka ga ya zubar da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Mu na baya yake kamawa, masu awa huɗu zuwa sama, da muke tsayawa kowane tebur mu shanye kofi biyu don an ce mana mu yi ta sha. A wannan sahun Babana zai kasance, ni ma a nan nake.

To nawa zai sha? Ba ni zan faɗa ba, ba kuma Inna ba, sikeli ne zai faɗa. Babana, da kai nake yanzu. Ka hau sikeli kafin ka fita, ba kaya a jikinka, ka yi gudun awa ɗaya, ka goge zufa ka sake hawa. Duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce, wato ledar fiya wata biyu. In ka sha wani abu a hanya ka haɗa da shi cikin lissafin. Ni da zafi nakan zubar da lita ɗaya da ɗan wani abu a awa, da sanyi rabin haka, amma naka daban ne, mutane sun bambanta ƙwarai a nan. Ka yi awon a Kano, ka sake shi in ka isa Legas, za ka sha mamaki. Ba kuma so ake ka mayar da duk abin da ya fita ba. Yawancin mutane leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa tana isarsu, kurɓi-kurɓi, in sun ji ƙishirwa. Ka gama tseren ka ragu da kilo ɗaya ko biyu, wannan daidai ne. Ka gama ka fi yadda ka fara nauyi, wannan shi ne haɗarin. In ka ji zobe ko agogo ya fara matse ka, ciki yana ƙugi da ruwa, ka dakata da sha.

In kana ganin farin gishiri a rigarka bayan ta bushe, ka riƙa haɗa wani ɓangare na ruwanka da ruwan gishiri da sikari, irin wanda Inna take haɗa wa yara in suna gudawa, ko na sacet da ake sayarwa a kemis. Amma shi ma ba lasisin ɗurawa ba ne. A binciken nan na Boston, masu shan lemon 'yan wasa ba su tsira fiye da masu shan ruwa zalla ba. Yawan ne matsalar.

Saura Kawu da kilishinsa. Kawu, a ajiye masa, zai ci bayan ya dawo, lokacin ne tsoka ke neman nama don ta gyara kanta. Kafin tsere kuwa tuwo ne maganin. Jiki yana da ajiya iri biyu. Kitse kamar damin gero ne a rumbu, yana da yawa, amma sai an sussuka, an surfa, an niƙa kafin ya shiga tukunya. Sikarin da ke ajiye a tsoka da hanta kuwa gari ne a ƙwarya, ɗiba kawai za a yi, sai dai ƙwaryar ƙarama ce, wajen rabin kilo take ɗauka. Gudun fanfalaki yana cin fiye da haka. Shi ya sa wajen kilomita 30 zuwa 35 za ka ga ƙato ya tsaya cak yana jan ƙafa kamar an ɗaura masa turmi, garin ne ya ƙare, jiki ya koma sussuka. Nama da ƙwai ba sa cika wannan ƙwarya, sai hatsi da doya da dankali. 'Yan Kenya da ake ta mamakinsu, abincinsu na kullum ugali ne, wato tuwon masara ba wani abu ba, sai ganye da shayi mai madara da sikari. Ranar da na gane haka na daina sayen garin gwangwani mai tsada da ake tallata wa masu gudu a nan, na koma tuƙa tuwona.

Kwana biyu kafin tseren ya rage gudu ya ƙara hatsi, wajen giram 8 zuwa 10 na sitaci a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Ga mai kilo 65 wannan ya kai kwatankwacin kashi uku cikin huɗu na kilon ɗanyar shinkafa. Ba a zama ɗaya ba, a rarraba: koko da burodi da safe, shinkafa ko taliya da rana, tuwon shinkafa da miyar kuka da dare, ayaba da kunun zaƙi a tsakani. Zai ga ya ƙara kilo ɗaya ko biyu, kada ya damu, sikarin da ruwa yake ajiyuwa. Abin da zai ƙaurace wa a kwanakin nan shi ne wake da alale, kwaɗon zogale, tsire, mai da yawa, da yaji. Na san Legas, na kuma san samari. Daren tsere ba daren ɗanɗana farfesun Yarabawa ba ne, gadar nan ta uku doguwa ce, kilomita 11 da wani abu, kuma ba ta da bayan gida. Ya ci abincin dare da wuri, bayan magariba. Da yake da sassafe ake farawa, karin kumallonsa kamar sahur zai zama, awa uku kafin a tashi: koko ba ƙosai, burodi da zuma, ayaba. A hanya kuma, tun daga minti 40 na farko, ya riƙa jefa wani abu mai zaƙi, giram 30 zuwa 60 a awa, tun bai ji yunwa ba. Manyan dabino masu laushi biyu ko uku sun kai haka. Ni su nake zubawa a aljihu, Turawa suna matsa nasu mai kama da zuma a 'yar leda, kuma tare muke isa. Duk abin da zai ci ranar, sai wanda ya riga ya gwada a dogon gudunsa na gida sau uku ko huɗu, don ciki ma koya yake yi.

Ga sharuɗɗana, kuma a kansu ba na ja da baya. Ya je a gwada jininsa a san ko AA ne ko AS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila, kuma kun san akwai ta a danginmu. Mai AS lafiyarsa ƙalau, da yawa ma zakaru ne a wasanni, amma matsanancin gudu cikin zafi da ƙarancin ruwa ya fi yi masa haɗari, har tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman manyan 'yan wasanta su san matsayinsu. In AS ne, sai ya zauna da likita kafin mu ci gaba da magana. In zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ta kama shi a makon tseren, an fasa, akwai baɗi. Kuma kada ya kuskura ya haɗiyi ibuprofen ko diclofenac wai don kada ƙafa ta yi ciwo, yadda 'yan ƙwallon unguwa suke yi. Ƙoda tana cikin wahala a ranar, waɗannan ƙara mata suke yi.

Wanda zai raka shi kuma ya san wannan: in ya ga yana tangaɗi ko yana magana ba kan gado, ko da zufa tana zuba, a kai shi inuwa, a kira ma'aikatan lafiya, a yi ta zuba masa ruwan sanyi da ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi tun kafin mota ta zo. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Ya rubuta lambar wayar ɗan rakiyar a bayan lambar da zai maƙala a ƙirji.

Sharaɗi na ƙarshe naka ne, Yaya. Ranar da na faɗi a bakin tafki, na ji alamar tun da sauran kilomita biyu, kunyar Bature ce ta hana ni tsayawa. Shi kuwa Babana kunyarka zai ji, da ta abokansa da ya riga ya cika wa baki. Ina so ka kira shi, kai da bakinka, ka gaya masa in ya ji jikinsa ba daidai ba ya tsaya ya hau motar da ke kwashe mutane, kuma ba wanda zai tsokane shi da maganar in ya dawo, ko da wasa, ko ranar salla. In ni na faɗa zai ce Baffa ya tsufa ne. In kai ka faɗa zai ji.

Na saya masa takalmi da riga da hula, zan ba wani ɗan uwa da zai taho gida ƙarshen watan nan. Na ɗauki lamba ɗaya sama da wadda ya faɗa mini, don ƙafa tana kumbura a dogon gudu. Ya fara sa takalmin da zarar ya iso, kada ya ajiye shi sabo sai ranar. Ya turo mini sakamakon gwajin jinin da na sikelin, sannan mu tsara sauran makonnin tare.

A gaishe mini da Goggo da Kawu da su Hajiya na cikin gari, da yara duka. Inna, a ci gaba da sa mu a addu'a, kuma in mai zuwan zai dawo a ba shi kuka da daddawa, tawa ta kusa ƙarewa.

Wassalam.
Naku na Shikago.